Ƙarƙashin Kujerar Baya

"Anti, takalmina ya tafi."

Yaron bai yi kuka ba, bai ma ɗaga murya ba. Ya faɗa ne kamar mai ba da labarin abin da ya sami wani. Ita kuwa Anti, kamar yadda 'yan makarantar da take ɗauka suke kiranta, hankalinta na kan wata babbar mota da ta tokare mata hanya, ga ruwan da aka kwana ana yi ya cika ramukan titi har ba a gane mai zurfi da marar zurfi.

"Ka bari in mun isa a ciro maka daga ƙarƙashin kujera," ta ce, ba ta waiwaya ba.

"Ba ya cikin motar. Ta ƙasa ya bi."

Sauran yaran suka kwashe da dariya. Ta gangara gefen titi ta tsaya, ta bar injin a kunne don ta san halinsa, in ya mutu da safe sai an tura. Ta zagayo ta cije leɓe ta fizgi ƙofar baya. Yara ne a cushe, wasu a kan cinyar wasu, kowa rungume da jakarsa. Mai maganar ɗan aji ɗaya ne da abokansa ke kira Gajere, yana zaune a tsakiya, ya ɗaga ƙafa ɗaya sama yana kallonta.

Ta yaye shimfiɗar robar da ke ƙasan motar. Katakon da ta sa a farkon zango don ta rufe wani ɗan rami ya sha ruwa ya karye biyu, ramin kuma ya wage baki har kan mutum zai iya shiga. Ta cikinsa ta ga kwalta, da ruwa mai maiƙo yana gangarawa. Idon sawun yaron ya ƙuje, jini na tsattsafowa ta cikin safa.

Ta durƙusa a nan bakin titi, ta cire masa safar, ta wanke wurin da ruwan gorarsa, ta ɗaure da hankicinta. Ta yi ta gyara ɗaurin don kada yaran su ga fuskarta. Da ƙafar ta ƙara nutsewa kaɗan, da kwalta ce za ta karɓe ta, motar kuwa tana tafe. Ta kori tunanin, ya sake dawowa.

"Kowa ya naɗe ƙafafunsa a kan kujera. Wanda na ga ya sauke, ni da shi ne."

Ta dawo da Gajere gaba, kusa da Auta, 'yarta ta ƙarshe, wadda ita ma a makarantar take. Takalmin ta hango shi can baya a tsakiyar titi, wata mota ta bi ta kansa, wata ta ƙara. Ba ta koma ɗaukowa ba.

A ƙofar makaranta, malamar da ke karɓar yara ta dubi agogonta kafin ta dubi kowa.

"Anti, yau ma an makara."

Da ta ga yaro da takalmi ƙafa ɗaya, ta ce dokar makaranta ba ta yarda a shiga aji haka ba, amma yau za ta kawar da kai. Ba ta tambayi abin da ya sami ƙafar ba.

* * *

Garejin yana bayan wani gidan mai, fili ne da ƙasarsa ta sha baƙin mai har ta daina kama da ƙasa. Baba Mai Walda, tsohon da ke liƙe wa motar nan ciwonta tun tana hannun mijinta, ya sa ta hau da ita kan ramin da ake shiga a duba ƙasan mota. Ya sauka da tocila. Tana jin yana ƙwanƙwasawa. Wani wurin ya amsa da ƙarar ƙarfe, wani wurin ya yi bus, kamar an bugi jiƙaƙƙen kwali.

"'Yata, sauko ki gani da idonki. Ba na son a ce ni na ce."

Ta tattare rigarta ta bi matakalar. Duk shekarun da ta yi tana tuƙa motar, ba ta taɓa ganin cikinta ta ƙasa ba. Ya haska mata ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, ya ɗora masa bakin sukundireba, ya danna ba da wani ƙarfi ba. Sukundireban ya shige har mariƙi. Wani jan gari ya zubo mata a kan mayafi.

"Ramin da ya ci takalmi ba shi ne abin tsoro ba," in ji shi. "Shi kam in kin so yanzu zan rufe miki. Nan ne maganar take. Duk nauyin yaran da ke baya a nan yake sauka."

"To a yi masa walda mana, Baba."

"A jikin me? Walda ƙarfe take nema ta kama. Na liƙa bara, na liƙa shekarar da ta gabace ta. Yanzu liƙi ne ke riƙe da liƙi."

Da suka fito ya goge hannunsa da tsumma, ya shimfiɗa mata zancen. Ko dai a sauke injin da kujeru a sake gina ƙasan motar gaba ɗaya, aikin da zai cinye kusan kuɗin wata motar ta hannu mai ɗan dama-dama, ya kuma zaunar da ita makonni babu sana'a, ko kuma ta haƙura da ita. A ɗan shafa a rufe kuwa, ya ce ba dai da hannunsa ba.

"Da buhuna kike ɗauka, da na ce ki lallaɓa har Allah ya kawo mafita. To 'ya'yan mutane ne."

Haushinsa ya kama ta. Ta san ba shi da laifi, sanin hakan kuma sai ya ƙara mata haushin.

Tana shirin fita sai ga wani dillalin motoci da ke yini a garejin, wanda kowa ke kira Ba-Matsala saboda kalmar ba ta barin bakinsa. Ya jingina da tagarta, ƙamshin turarensa ya danne warin mai.

"Hajiya, kada tsoho ya ɗaga miki hankali. Injinki lafiyayye ne, tun kina shigowa na ji shi. Ki ba ni ita a yadda take."

Ya faɗi kuɗin da ya sa ta sake dubansa. In ta haɗa da ɗan abin da ta ajiye, zai isa kafin alƙalamin wata motar.

"Me za ka yi da ita?"

"A cike inda ya rame, a fesa baƙin fenti a ƙasa, a yi wa sama sabon launi. Kwana kaɗan, ke da kanki ba za ki gane ta ba, sai kin yi mata sallama kamar baƙuwa."

"Wa zai saya?"

"Mai rabo, Hajiya. Ba matsala."

* * *

Ta iske mijinta zaune a bakin ƙofar ɗaki, rediyo a kan cinya. Direban wani kamfani ne a da, har ciwon suga ya fara dusashe masa gani aka sallame shi. Da kuɗin sallamar ya sayi motar, ya yi haya da ita har ranar da ya kasa bambance mutum da turken wutar lantarki. Daga nan ya koma kujerar gefe ya koya wa matarsa tuƙi, duk da surutun dangi da na maƙwabta. Har yau shi ke wanke motar kowace safiya, da bokiti da soso da laluben hannu, babu wanda ya isa ya karɓa masa.

Ta kawo masa abinci, ta bari ya ci rabi, sannan ta faɗa masa komai, daga takalmin har zuwa dillalin.

"Tsohon nan tsufa ya sa masa tsoro," ya ce. "Ki kai ta wurin wani. Masu walda ba su ƙare ba."

"Baban yara, da idona fa na gani. Ƙarfen nan gari kawai ya rage."

"Da idonki." Ya yi wani ɗan murmushi marar daɗi. "To ai shi ke nan, tunda masu ido sun gani."

"Ka san ba haka nake nufi ba."

"Motar nan ita ta yi ta zirga-zirgar asibiti da mahaifiyarki. Ita ke biya wa yayyen Auta kuɗin karatu a can inda suke. Rana ɗaya ta yi tari sai a ce a yar da ita?"

"Ba tari ta yi ba. Ƙafar ɗan mutane ce ta fita ta ƙasa."

"Ya karye?"

"Bai karye ba."

"To alhamdu lillahi. A sa ƙarfe mai kauri a rufe wurin."

"Auta ma fa a cikinta take kullum."

Ya ajiye cokalin. Rediyon na ta surutunsa a tsakaninsu, wani yana tallar maganin ciwon baya. Can ya ce, "In ma rabuwar za a yi, ga wanda ya san darajarta ya taya. Ki ba shi, mu lalubi wata. Abin da zai yi da ita bayan nan, tsakaninsa da Allah."

"Ni da na san abin da ke ƙarƙashinta fa? In ta kashe wani, ina zan sa kaina?"

"A gyara kin ce a'a. A sayar kin ce a'a. To faɗa mini abin da za mu ci." Ya lalubi kofin ruwa, ta tura masa kusa, ya janye hannunsa. "Ko ni ma za ki haɗa da ita ki kai wa masu tsohon ƙarfe? Ai ba ita kaɗai tsatsa ta ci ba a gidan nan."

Ta kwashe kwanukan ta shige kicin. Tukunyar da ta riga ta wanke ta sake jawowa, ta yi ta dirza har tafin hannunta ya yi zafi.

* * *

Washegari ta kai motar wurin wani mai walda a bakin kasuwa. Bai shiga ƙarƙashinta ba, ita ma ba ta ce ya shiga ba. Ya yanko wani tsohon allon ƙarfe ya rufe ramin, ya buga da ƙafa ya ce ko giwa ta taka ba abin da zai faru. Ta biya ta tafi, tana jin kamar ta yi sata.

Sai ta koma kan iyayen yaran. Ta aika wa kowa saƙo, waɗanda suka amsa suka haɗu a inuwar katangar makaranta bayan an tashi. Ta faɗa musu gaskiyar abin da aka gani. Ta ce akwai wata ƙaramar bas da za a ba ta ta riƙa biya kaɗan-kaɗan, in za su ɗan ƙara abin da suke bayarwa a wata, su kuma biya na zango ɗaya tun da wuri.

Mahaifiyar Gajere ce ta fara magana. Ma'aikaciyar banki ce, ba ta ko cire tabarau ba.

"Ni na ɗauka maganar takalmin kika tara mu. Sabo ne fa, ko wata bai yi ba. Na yi shiru ne don mutunci, sai kuma ki zo da zancen ƙari?"

"Ƙafarsa fa, kin duba?"

"Ƙujewa ce. Yaro ai kullum cikin ƙujewa yake."

Wani uba mai shagon kayan gini, wanda ya ajiye doguwar motarsa a tsallaken titi da injin a kunne saboda sanyin ciki, ya ce kowa ya san halin da ake ciki, kuɗin makaranta kaɗai ya isa mutum. Ya ce shi a saninsa mai sana'a shi ke gyara kayan aikinsa, bai taɓa cewa masu sayen siminti su gyara masa rufin shago ba. Aka yi dariya. Wata kaka mai jikoki uku a motar ta dafa kafaɗar Anti ta ce, "'Yar nan, ki daina kira mana mugun abu. Allah ke tsarewa, ba ƙarfe ba. Sababbin motocin ma ba ga su nan suna faɗuwa ba?"

Babu wanda ya ce zai cire ɗansa, babu kuma wanda ya ce zai ƙara ko kaɗan. Suka watse kowa na duba wayarsa.

Ta shiga wurin shugabar makaranta, ko za ta sa baki, ko makarantar ta tsaya mata a ba ta bashi. Shugabar ta saurare ta da kyau, har ta sa aka kawo mata ruwan sanyi. Sannan ta ce abin da ya faru a wajen ƙofar makaranta tsakanin iyaye ne da mai mota, su nasu daga ƙofa zuwa aji ne. Ta ƙara da cewa ita dai roƙonta a daina makara.

A satin nan ne masu duba lafiyar motoci suka tare ta a wata mahaɗa, yara cike da mota. Da can in ta hango su gabanta faɗuwa yake yi. Ran nan sai ta ji wani abu mai kama da sauƙi. In wannan mai hular ya ce motar ta sauka daga titi, to an yanke mata hukuncin da ta kasa yankewa, za ta koma gida ta ce hukuma ce, ba ita ba.

Jami'in ya zagaya, ya shuri taya, ya ce ta kunna sigina, ta danna hon.

"Ranka ya daɗe, ka leƙa ƙasanta ta baya," ta ce.

Ya dube ta, ya dubi wandonsa mai kari, ya dubi taɓon da ke gefen titi, ya yi dariya.

"Hajiya, ke ce mai motar ko kishin mai motar kike yi? Fitila na aiki, hon na aiki. Rana ta yi zafi, a ba mu na ruwa ki kai yaran nan gida."

Ta miƙa masa. Ya manna mata wata 'yar takarda a gilashi mai cewa motar ta cancanci hawa titi, ya ɗaga wa yaran hannu, suka ɗaga masa.

* * *

Ba a yi mako guda ba abin ya faru. Ta ɗauko su daga makaranta, ta zo kan wani tudu da aka gina a titi don rage gudu. Ta hau shi a hankali kamar kullum. Tayoyin baya na sauka ta ji ƙas, ƙara ɗaya gajeriya, kamar an karya busasshen reshe. Bayan motar ya zauna ta hagu. Yaran suka zube a jikin juna, suka hau shewa.

"Anti, sake yi."

Ta riƙe sitiyari da hannu biyu, ta bar motar a giya ta ɗaya, ta bi gefen titi tana rarrafe, na baya suna ta danna mata hon suna zaginta. Wani mai babur ya leƙo ya ce mata in ba ta iya ba ta koma kicin. Haka ta bi gida-gida ta sauke su, duk yaron da ya fita sai ta ji numfashinta ya ɗan ƙara sauka. Ta sauke Auta a ƙofar gida ta ce ta shiga ta ce wa Baba tana zuwa. Ba ta kashe injin ba. Ta san in ta shiga aka fara magana, motar za ta kwana, gobe kuma a wanke ta, ta sake fita da ita.

Wurin masu tsohon ƙarfe yana bayan gari, tsibi-tsibin ƙofofi da injuna da gadajen ƙarfe har sun fi katanga tsawo. Mai wurin, wani kakkauran mutum mai ƙone-ƙone a hannu, ya zagaya motar sau ɗaya. Ya ce shi nauyi yake saye, ba tarihi ba. Abin da ya taya bai kama ƙafar na dillali ba.

"Na yarda," ta ce, "amma da sharaɗi. Yanka ta za ka yi. Ka sayar da injin, ka sayar da tayoyi, duk abin da ka ga dama, amma jikin nan kada ya sake hawa titi."

"Hajiya, mu nan ai yanka ne aikinmu. Gobe i war haka sai dai ki zo ki ga gunduwa-gunduwa."

"Ka yi mini alkawari."

"Na yi."

Ta sa aka kwance mata lambar motar, ta kwashe takardu da lemar Auta da wani murfin gora da ba ta san mai shi ba. Ta hau motar haya ta koma gida da lambar a cikin leda.

Mijinta ya saurare ta har ta gama. Bai yi faɗa ba. Ya ce ta ba shi lambar, ta ba shi, ya shafa ta da yatsunsa, ya tura ta ƙarƙashin katifa. Da safe bai fito ba. Daga ranar maganarsu ta koma ta lokacin magani da ta gaisuwa.

Wayarta kuwa ba ta huta ba. Mai shagon kayan gini ya ce ta yi musu rashin mutunci, ta bar su a tsakiyar zango. Mahaifiyar Gajere ta nemi a mayar mata da kuɗin ragowar kwanakin watan, aka mayar. Kakar nan ta ce da ta san haka za a yi da ba ta saba wa jikokinta da mota ba.

* * *

Ta jawo keken ɗinkin da ta daɗe da rufewa, ta koma karɓar gyare-gyaren kaya daga maƙwabta. Abin da ke shigowa bai kai rabin na da ba. Babban ɗanta ya bugo waya daga makarantarsa ya ce ba komai, zai nemi ɗan aikin hannu, ta ji a muryarsa cewa akwai komai. Kullum da sassafe ta riƙe hannun Auta su taka har makaranta, yarinyar ta isa da ƙura har gwiwa.

Wata safiya suna isa ƙofar makaranta wata mota ta zo ta tsaya a gabansu. Shuɗiya ce, fentin na ɗaukar ido, da sabuwar lamba. Ƙofofi suka buɗe yara suka fara zubowa, matashin da ke tuƙi ya zagaya ya buɗe but, wurin ajiye kaya na baya, wasu ƙanana suka diro daga ciki. Yaranta ne, da ƙarin wasu da ba ta sani ba. Suka yo kanta da gudu suna kiran Anti, suna nuna mata sabuwar motarsu.

Ta matsa ta leƙa ta taga. Sitiyarin na naɗe da baƙar igiyar roba, naɗin da mijinta ya yi da hannunsa, da ƙullin da ke sukar ta a ɗan yatsa in za ta yi kwana. Ta ja da baya ta dubi tsayuwar motar. An ɗago bayan, amma har yanzu hagu ta fi dama ƙasa.

"Ƙanena, a wurin wa ka sayi motar nan?"

Matashin ya gaishe ta da ladabi. Ya ce wani dillali ne, Ba-Matsala. Shi kuwa sai da ya sayar da babur ɗinsa, surukinsa ya cika masa, ya ce wannan ce farkon abin da ya mallaka mai ƙafa huɗu. Yana magana yana goge madubi da hannun rigarsa.

"Tawa ce a da. Ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya ya ruɓe, a hannuna ya karye. Don Allah ka kai a duba maka ƙasanta yau, kafin ka sake ɗaukar kowa."

Fuskarsa ta canza.

"An duba, Anti. Ƙasanta baƙi wuluk, kamar sabuwa. Ga ma takardar hukuma a gilashi." Ya daina goge madubin. "An dai ce mini ke ce mai ɗaukarsu a da."

Mahaifiyar Gajere, wadda ta zo biyan kuɗin jarrabawa, ta ji ƙarshen zancen.

"Haba Anti. Ke kika ajiye mu a hanya. Allah ya kawo mana wanda ya fi ki sauƙin kuɗi, ga mota mai kyau, kuma sai ki zo kina ɓata masa sana'a? Ki bar yaro ya ci abincinsa."

Malamar ƙofa ta ce a matsa, ana tare hanya.

Daga nan ba gida ta nufa ba, bayan gari ta tafi. Mai tsohon ƙarfe yana tsugune yana shan shayi. Bai musa ba. Ya ce yana shirin kunna wutar yanka dillali ya zo ya ninka masa, shi kuma abin da ya saya nasa ne, yana da iyali.

"Alkawarin fa?"

"Hajiya, ai na so in cika."

Rana ta take lokacin da ta shigo gida, ƙafafunta sun yi nauyi. Mijinta na zaune a inda ya saba. Ta zauna a kujerar keken ɗinki ta faɗa masa, duk da sun daɗe ba su yi doguwar magana ba. Ta ba shi labarin matashin da babur ɗin da ya sayar, da yaran da ke cikin but, da bayan motar da har yanzu ya karkata. Tana so ko mutum ɗaya ya ji abin da take ji.

Ya rage muryar rediyon. Ya juyo da fuskarsa wajen da take.

"Tana tafiya dai?"

"Tana tafiya."

"Wane launi suka yi mata?"

Ta ɗago ta dube shi.

"Shuɗi."

Ya gyaɗa kai a hankali, fuskarsa ta saki yadda ta daɗe ba ta saki ba.

"Zai yi mata kyau," ya ce.

Ta jawo wani wandon makaranta da aka kawo a rage masa tsawo, ta saita shi ƙarƙashin allura, ta ɗora ƙafa a kan matakin keken. Ba ta taka ba. Inuwar katanga ta fara juyawa a tsakar gida, lokacin tashin yara ya kusa.